Injin kwaɓina ya mutu, ga aikin gara a gabana: wanne zan saya?

Mai tambaya, daga Tudun Jukun, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Miksata ta tsaya ranar Asabar ina tsakiyar kwaɓin donot. Ƙararta ce ta fara canzawa, ta koma gurnani, sai warin ƙonewar waya, sai shiru. Mai gyara ya buɗe ya ce koyil ya ƙone, haƙoran ciki ma sun cinye, kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa. Irin ta robar nan ce mai lita 5, an rubuta wat 1500 ɓaro-ɓaro a kwalinta. Aikina kek ne na suna da na biki, da donot da mitfai da yara ke kai mini shaguna, sai cincin idan Sallah ta matso. Ga garar ƙanwar maigidana an ɗora mini. Don Allah wadda ta taɓa canza inji ta faɗa mini abin da ta gani da idonta, ba abin da mai shago ya faɗa mata ba.

Hajiya, daga Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin ki ce wanne, faɗa mana fulawa nawa kike zuba mata a tashi ɗaya? Don na san halinmu. In aiki ya yi yawa sai mu juye tiya guda mu ce inji ai ba ya gajiya. Yana gajiya, har ya fi mutum saurin nunawa.

Ni Kenwood Chef nake amfani da ita, kuma ba sabuwa na saya ba, ta hannu ce, tun babbar 'yata tana firamare, yanzu ga ta da nata 'ya'yan. Jikinta ƙarfe ne, in za a ɗauke ta daga kan tebur sai an sa hannu biyu. Kwanonta lita 4.6 ne, babbar yayarta kuma, wadda yanzu suke kira XL, lita 6.7. Tun 1950 aka fara yin wannan injin a Ingila, shi ya sa na hannunsa ba ya wuyar samu. Abin da na gyara a cikinta bai wuce kabon da aka canza ba, da giris da aka sake mata. Bakinta uku ne: mai siffar harafin K na bota da sukari, mai waya-waya na ƙwai da aisin, sai ƙugiya ta kwaɓi mai tauri. Amma ki ji da kyau, ko ita littafinta bai yarda ki kai kilo ɗaya da rabi na fulawar burodi ba. Ni raba kwaɓin nake yi kashi-kashi, in ta yi ɗaya in taɓa bayanta, in na ji ɗumi ya yi yawa in bar ta ta huce, in tafi yankan wanda aka gama.

Mai tambaya:
Hajiya kin kama ni. Donot ɗin ranar ya haura kilo 2.

Malama, daga Samaru:
Ni gargaɗi ɗaya na zo da shi, saboda a nan wajenmu mutane na yawan tafiya karatu waje suna dawowa da kaya. Maƙwabciyata ƙaninta ya kawo mata inji daga Amurka, ja wur, ko kwalinsa ba a yaga ba. Ta ga bakin filoginsa bai shiga soket ba, ta aiki yaro ya sayo adafta, ta jona. Ko juyi ɗaya bai cika ba ya yi tartsatsi. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Adafta baki kawai take canzawa, ba ta rage komai. Wanda ya zo daga can dole sai da taransifoma mai sauke ƙarfin wuta, kuma mai girma, ba irin ƙaramar da ake sa wa abin aski ba. Don haka in za ki sayi na hannu, ki kifa shi ki karanta takardar da ke manne a gindinsa. In kin ga 220-240 ki ci gaba da ciniki. In kin ga 110 ko 120 ki sa kuɗin taransifoma a lissafi, ko ki wuce.

Tawa KitchenAid ce amma irin wadda ake sayarwa a Ingila, lita 4.8, wat 300 kacal aka rubuta mata. Ranar da na fara ganin lambar raina ya ɓaci, na ɗauka an yi mini sakiyar da ba ruwa. Ashe a wajen bugun bota da sukari ba ta da na biyu, har gefen kwanon take sharowa, kek ya fito laushi iri ɗaya daga sama har ƙasa. A kwaɓin yis kuwa littafinta ya ce kada a wuce lamba 2, fulawa kuma kamar kilo 1. Ina bin wannan dokar sau da ƙafa. Sai dai ban ba ki shawarar ta ba in donot ne rabin kasuwarki, ga tsada, kuma duk abin da kike so na jikinta oda za ki yi daga Legas ko Abuja.

Mai gyaran kayan wuta, Sabon Gari:
Hajiyoyi ku yi mini afuwa in sa baki, matata ce ta nuna mini zancen, ni kuma waɗannan injinan kusan kullum sai an ajiye mini ɗaya.

Lambar wat da kuke dubawa, wutar da injin ke ja ce, ba ƙarfin da ke isa bakin ƙugiya ba. Wani zai ja 1500 rabi ya tafi a zafi da ƙara. Wani kuma lambar ma a kwali kawai take, in na buɗe in tarar da mota ƙarama wadda ba ta wuce ta bilenda ba. Abin da ke murza kwaɓi mai tauri shi ne giya. Motar tana gudu da sauri, giyar ce ke rage gudun ta mayar da shi ƙarfi. In haƙoran giyar roba ne marasa kauri, kwaɓin cincin na Sallah ɗaya ya ishe su. Amma fa ba duk roba ce aibi ba. Akwai injinan kirki da aka sa musu giya ɗaya ta roba da gangan, domin in kaya ya yi yawa ita ta karye, motar ta tsira. Wannan canza ta ba wani abu ba ne in ana samunta. Tambayar da za ku yi wa mai shago ke nan: in ta karye, a ina zan samu wata? In ya fara kame-kame kun ji amsa.

Na biyu, wutarmu. Mutane na tsoron wuta mai ƙarfi, ni kuwa wadda ta fi kawo mini aiki ita ce mai rauni, irin ta bayan magariba da fanka ke juyawa da ƙyar. A irin wannan wutar motar ba ta iya ɗaukar kaya, sai ta riƙa turjewa, koyil ya yi zafi har fatar wayar ta narke. Warin da mai tambaya ta ji ke nan. In kin ga kwan fitila ya yi ja, kada ki kunna, ko ki sa sitabilaiza. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa mai da baƙin mai, shi ma kada ki ɗora masa kwaɓi mai tauri, ga firiza a kai.

Anti, daga Gyallesu:
To ni dai zan saɓa muku. Kowa na cewa araha ba ta ado, amma ba kowa ke da kuɗin na ƙarfe ba, balle yanzu da farashin ke bin dala. Tawa ta roba ce irin wadda ta mutu ɗin nan, kuma tana nan lafiya lau, don kek da aisin kawai na sani da ita. Cincin da dubulan da mitfai, babban baho nake sawa, ni da 'yan matan gidan mu zauna. Mitfai ma ai ba ya son murza, da yatsu ake marmasa bota cikin fulawa, in inji ya daɗe a kansa sai ya fito da tauri. Iyayenmu da suka yi alkaki da nakiya na garar gari guda, wane inji gare su? Ki sayi mai sauƙin kuɗi ki yi bikin nan, ki shiga adashi saboda babba.

Hajiya, daga Ƙofar Doka:
Gyallesu, ke kina da 'yan mata huɗu a gida. Ita yaranta ƙanana ne, kuma donot kullum ne, ba Sallah-Sallah ba. Kafaɗa ba a sayo ta a kasuwa.

Maman 'yan biyu, daga Hanwa:
Gaskiyar Hajiya. Ni sai da na kashe na gida biyu kafin na yarda aikina ya wuce su. Yanzu irin na gidan burodi nake da shi, ƙarami da ake kira B10, wato lita 10. A Kano maigidan ya sayo, maza biyu ne suka shigo da shi, tun ranar kuma bai motsa daga inda aka dire shi ba. Giya uku gare shi da ɗan hannu a gefe kamar na mota, kuma sai kin kashe shi ya tsaya cak kafin ki canza, in ba haka ba za ki ji ƙaras. Ta ɗaya ta kwaɓi mai tauri, ta biyu ta kek, ta uku ta ƙwai. Donot na kilo 2 ba ya ko canza masa murya.

Abin da ba a faɗa mini ba shi ne ba ya son ɗan aiki. In aka ce kek ɗaya na zagayowar haihuwa, ƙwai huɗu, bakinsa da ƙyar yake taɓo su a gindin kwanon. Dole na ajiye ƙaramar miksa ta riƙewa a hannu saboda irin wannan. Ga ƙara, in na tashi aikin asuba har maƙwabta sun san na tashi. Kuma ki auna wurin da za ki ajiye shi kafin a kawo, ni tebur na daban aka buga mini wajen kafinta, mai ƙafar ƙarfe.

Wata 'yar uwa, daga Palladan:
Kowanne kika saya, ki kula da bota lokacin hunturu. Sanyin Zariya na Disamba da Janairu, bota kwana take ta zama dutse ko ba a firij ba. Ki yanka ta ƙanana ki ajiye kusa da murhu ta saki kafin ki zuba. Ni da haka bakin miksata mai waya-waya ya lanƙwashe. Sannan ki ɗinka mata riga, ƙura na shiga ta ramukan iskar bayanta.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. B10 ya fi ƙarfin aljihuna a yanzu, kicin ɗina ma ba zai ɗauke shi ba. Zuciyata ta fi karkata ga ta hannu mai jikin ƙarfe, babbar, mai lita 6.7. Tsorona kada a sayar mini da wadda ta gama aiki a can aka shafe ta da mai. Ta yaya zan gane?

Hajiya, daga Ƙofar Doka:
Kada ki yarda da gwajin kwano babu komai, kowace mota tana gudu in ba kaya. Ki kwaɓa fulawa rabin kilo da ruwa kaɗan, mai tauri, ki ƙulle a leda ki tafi da ita. Ki ce a sa ƙugiya a murza a gabanki. Wanda ya san kayansa ba zai hana ba. Ki saurara a lamba mafi ƙasa: in tana tafiya santsi ba ta fizga, da kyau, in tana gudu tana tsayawa, ko ta ƙi yin a hankali sai da gudu, abin sarrafa gudunta ya lalace. Ki ɗaga kanta ki leƙa inda baki ke shiga, in baƙin mai na tsatsafowa ki sani cikin kek ɗinki zai ɗiga. Ki girgiza kan ki ji ko makullinsa na riƙewa. Kuma bakunan nan uku su cika a wurin, kada a ce miki ƙugiyar za a nemo daga baya. Ba a nemowa.

Mai gyaran kayan wuta, Sabon Gari:
Ƙari a kan na Hajiya: ki sa hanci a ramukan iskar bayan an gama gwajin. Koyil da aka sake naɗawa ko wanda ya fara ƙonewa yana da wari irin na fenti. Ki tafi da safe lokacin da wuta ke da ƙarfi, ko ki ce a tayar da babban janareta. Tsohuwar kuma kada ki zubar, kwanonta da bakunanta akwai masu nema, ko ni in ta shigo hannuna ina cire makunninta da igiyar wutar.

Malama, daga Samaru:
In za ki Sabon Garin ranar Asabar ki yi mini magana mu tafi tare, ina da sikelin kicin da zan nema. Ni zan zo da kwaɓin gwajin.