Musayar Waƙa Kan Katse Layukan Waya a Zamfara

Malam Ɗanjuma:
'Yan uwa, ga baitocina a kan umarnin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta bai wa kamfanonin waya a farkon Satumbar 2021, cewa su rufe layukan Jihar Zamfara baki ɗaya bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Batun Zamfara nake tunawa,
Ɗan bindiga da waya yake shiryawa,
Mai kai masa rahoto daga gari yake bugawa.

Kuɗin fansa ta waya ake yankewa,
Motsin soja ta waya ake tonawa,
Hukuma ta ga jini yana kwararowa,
Wa zai zarge ta don ta yi katsewa?

Hajiya Binta:
Malam, da girmanka nake amsawa,
Mako biyu aka ce mana tun da farawa,
Gusau sai Oktoba ta ga dawowa,
Ƙauyuka har Nuwamba suna dakon buɗewa.

Mai POS ya wuni babu mai cirewa,
Ɗan da ke Legas ya kasa aikowa,
Jama'a suka nufi Funtuwa don gaisawa,
Sai ga ita ma an bi ta da rufewa.

Ga kasuwannin mako an hana ciwa,
Mai naƙuda ta rasa hanyar sanarwa,
In mahara suka shigo ana kwantawa,
Da me mai gari zai nemi agazawa?

Alhaji Sani na bakin iyaka:
Hajiya, kin faɗi abin dubawa,
Mu ma a gabashin Sakkwato an yi rufewa,
Amma layin Nijar iyaka yake tsallakowa,
Mai bindiga ya hau tudu yana kamawa.

Wanda ya rasa layi wasiƙa yake rubutawa,
Harajinsa bai fasa zuwa ƙauye karɓowa.

Ƙaninku Nura, ɗalibin shari'a:
Iyayena, ku ba ni izinin tsomawa,
Dokar sadarwa ta 2003 ta yi tanadin gaggawa,
Saboda haka ikon rufewa ba abin musawa,
Tambayata ita ce, wa ke bin sawun mai zartarwa?

A Yunin 2021 aka dakatar da Twitter, ku tuna,
(amsa-amo ya kuɓuce a nan, Malam ya yi haƙuri)
Sai Janairun 2022 aka yi buɗewa,
Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa 'yancin furtawa.

Malam Ɗanjuma:
Ɗana Nura, Twitter daban, kada ka yi haɗawa,
Can saƙon Shugaba Buhari aka yi gogewa,
Nan kuwa rayuka ake ƙoƙarin tsarewa,
Ina nan kan bakana, ban yi janyewa.

Hajiya Binta:
To Malam, ga tambaya, ka daure da amsawa:
Tun Disambar 2020 aka tilasta haɗawa,
Kowane layi da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ko a yi toshewa,
Tsofaffi suka yi ta layi rana tana ƙonawa.

An ce mai kiran fansa za a riƙa ganewa,
In rajistar nan tana da amfanin da ake faɗawa,
Me ya hana layin ɓarawo kaɗai a yi tsinkewa,
Aka haɗa jiha guda cikin hukuntawa?