Neman shawara: "everybody is" ne ko "everybody are"?

Wata ɗaliba, Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin rubuta JAMB, amma akwai wasu kalmomin Turanci da suka tsaya mini a wuya, irin su everybody, someone, anybody da nobody. A gwajin da aka yi mana a lesin na zaɓi "Everybody are here", aka soke. To ba mutane ne da yawa ba? Na kuma rubuta "I did not see nobody", shi ma bai tsira ba. Turanci tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40-40, kuma bara maki kaɗan ne ya hana ni gurbi. Don Allah a taimaka mini.

Malamin Turanci, Kumo:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, amsar tana bakinki tun kina goye. Da Hausa me kike cewa, "kowa ya zo" ko "kowa sun zo"? Ko mutum ɗari ne a tsakar gida, "kowa ya zo" za ki ce, domin ɗaya bayan ɗaya kalmar take ɗaukar su. Turanci ma haka yake. Duk wakilin sunan da ya ƙare da body, one ko thing, aikatau na tilo yake ɗauka: everybody is, someone has, nothing was. Each ma haka. Shekara da shekaru ina koyarwa, abin da ke damuna shi ne yara suna ajiye Hausarsu a bakin ƙofar aji, alhali a wannan babin ita ce fitilarsu.

Wata 'yar jami'a, Kashere:
Ƙanwata, ta biyun nan ni ma ta taɓa kama ni. Kowa ɗinmu guda ɗaya ne, Bature kuma ya raba aikinsa. A "kowa ya zo" everybody ne. A "ban ga kowa ba" anybody ne. Shi nobody da korewarsa a cikinsa yake tafe, ba a ƙara masa not. Ko dai ki ce "I did not see anybody", ko "I saw nobody". Komai ma haka: everything, anything, nothing. Ki kuma kula, no one a rabe ake rubuta shi.

Wani matashi, Jekadafari:
Amma Malam, a finafinan Amurka ina jin suna cewa "I don't know nothing".

Malamin Turanci, Kumo:
Gaskiya ne ɗana, ana faɗa, karin harshen wasu al'ummomi ne a can. Mai jarrabawa dai daidaitaccen Turanci yake nema, kar ka kai masa wannan.

Wata malamar firamare, Bajoga:
Ƙari kaɗan. Someone da something na zancen tabbatarwa ne, anyone da anything na tambaya da korewa. Sai dai in tayi za ki yi wa baƙo, some kike komawa: "Would you like something to drink?"

Ɗalibar Pantami:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Malam. Na ga "Everybody is here, aren't they?" a tsofaffin tambayoyi. In tilo ne, daga ina they ya fito?

Malamin Turanci, Kumo:
Madalla, nan ne da yawa ke zamewa. Aikatau na farko tilo ne, amma in za a waiwayi mutanen a 'yar tambayar ƙarshe, they ake sawa, don ba a san mace ce ko namiji ba. In abu ne, it ake sawa: "Everything is ready, isn't it?" Nobody da nothing kuwa sun riga sun kore zancen, wutsiyar ba ta sake korewa: "Nobody came, did they?" Rubuto jimla biyar da nobody yau da dare, zan duba miki bayan Isha'i in sha Allah.