Musayar waƙa: Lucarelli ɗan Livorno, mai lamba 99

Malam Na-Fagge (Asabar, 9:14 na dare)

Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon nan ƙwallo za mu taɓa, amma babu Madrid babu Barcelona. Cristiano Lucarelli na ɗauko, haifaffen Livorno ta Italiya a 1975, wanda ya yarda aka zaftare masa albashi a 2003 don ya sa rigar garinsu, alhali ƙungiyar tana rukuni na biyu. Waƙar ƙwar biyu ce, amsa-amon «ki».

Da sunan Ilahi nake buɗe baki,
A kan ɗan Livorno, gwani ne a aiki.

Uba na ta dako a bakin ruwan nan,
Ya tashi da ƙwallo, talauci a ɗaki.

Perugia, Cosenza, da Padova ya zaga,
Atalanta ta ɗauka, ba ta yi tsaki.

Ya leƙa Valencia, ya dawo ga Lecce,
Torino ta ba shi gida har da aiki.

Da jin kiran gida ya bar musu tsaba,
Ya sauko ƙasa, zuciya babu birki.

Ya zura 29, Protti na gefe,
Livorno ta haura, gari ya yi biki.

Ya ƙara 24 a tsakar manya,
A cin raga kakar nan shi ne sarki.

Ɗan Damagaram (9:41)

Malam, a gafarce ni. Ba zan bi «ki» ɗinka ba, da «ya» na zo.

Malam ka yi waƙa, ka tsallake gaskiya,
Gwanin naka ɗan yawo ne a Italiya.

Kowace kaka da sabuwar riga,
Jaka a kafaɗa, ƙafa a kan hanya.

In son gida ne, me ya kai shi Shakhtar?
2007 ya bi kuɗi, ya juya baya.

Ga Gilardino ɗan Biella, na Milan,
2006 ya ɗaga kofin duniya.

In ya ci ya durƙusa, ya ja gogensa,
Naka ko kofin shayi bai kai gida ba, ka ji kunya.

Hajiya Mai Alƙalami (9:46)

Kai, kai, kai! Ɗana na Damagaram, Allah ya ƙara basira. Baitin gogen nan ya biya kuɗin sabulu. Kuma ka manta ba ka sa kofin Zakarun Turai na 2007 ba, wanda Milan ta karɓe daga hannun Liverpool a Athens. Mu 'yan Milan muna bayanka.

Autan Malam (9:52)

Hajiya, da girmanki, wannan Milan kike yabo ba waƙa ba. Da Inter mutumin ya buga wa, ko tari ba za ki yi ba.

Yayana na Damagaram, ja linzamin doki,
Ka ƙirga naka kafin ka buɗe baki.

Piacenza, Verona, Parma, Milan,
Fiorentina, Genoa, Bologna, ina birki?

Ya je har Guangzhou, ya sauka Palermo,
Empoli, Pescara, a Spezia ya aje aiki.

12 naka, 12 namu,
Wa ke kiran wani ɗan yawo? Abin mamaki!

Zancen kofin shayi kuma, yana Valencia ta ci Copa del Rey a 1999, yana Napoli ta ci Coppa Italia a 2012.

Ɗan Damagaram (9:55)

Daga benci, Auta. Daga benci.

Alaramma Mai Aruli (10:20)

Ku dakata haka nan. Malam ya buɗe da karin Mutaƙarab tsaf: «A kan ɗan / Livorno / gwani ne / a aiki», ƙafa huɗu, gaɓa 12, gajera ɗaya dogaye biyu a kowace ƙafa. To ina aka kwana a baiti na uku? «Perugia, Cosenza, da Padova ya zaga» gaɓa 13 ce. Sannan «aiki» ta zo sau biyu a amsa-amo cikin baiti huɗu, wannan aibi ne wajen masana. Kai kuma na Damagaram, ɗangonka na ƙarshe gaɓa 16, numfashi biyu ake yi kafin a fita. Auta bai yi waƙa ba sam, sunaye ya jero kamar mai kiran rajistar aji.

Malam Na-Fagge (10:33)

Allah ya gafarta Alaramma. Waƙa rerawa ake yi. Rera ɗangon ka ji yadda «da» ke narkewa cikin Padova. Kuma sunan garin wasu ba shi da tsayayyen awo a bakin Bahaushe, mai waƙa ke ja inda ya ga dama.

Alaramma Mai Aruli (10:36)

Masu garin a gaɓar farko suke danna Padova. Kai ka ja ta tsakiya don ƙafarka ta miƙe, kuma duk da haka ba ta miƙe ba. In rerawa ce hujja, a kira makaɗa su shigo da kalangu, a daina cewa rubutacciyar waƙa muke yi.

Hajiya Mai Alƙalami (10:38)

Alaramma, 16 ɗin ɗana ta fi 12 ɗin wasu daɗi.

Autan Malam (10:39)

Ga shi nan. Ko gaɓa 40 ya yi, in dai da Milan a ciki, ta wuce.

Ɗan Damagaram (10:47)

Alaramma mai ƙirga da ɗan yatsa,
Shekara nawa ba ka kawo baiti ɗaya?

Alƙalin wasa bai taɓa cin ƙwallo ba,
Sai busa usur, 'yan kallo na dariya.

Alaramma Mai Aruli (11:02)

Awo ne adon waƙa, yaro ka san ta,
Ƙafa in ta karye, ina za a kai ta?

Ƙirga wannan.

Baba Tsohon Gola (Litinin, 6:30 na safe)

Sai yau na ga wannan, 'ya'yana, kun cika zaure da gaɓa kun bar mutanen biyu a tsaye. Ai sun taɓa haɗuwa gaba da gaba, ran 1 ga Mayu 2005, a filin Parma. An tashi 6-4. Gilardino ya ci wa Parma huɗu, huɗun Livorno kuwa duka Lucarelli ya ci su. Ni da na yi tsaron raga, tausayin gololin nake ji: ka shiga raga ka ɗauko ƙwallo, kafin ka gama kakkaɓe safar hannu an sake aiko maka wata. Kaka ta ƙare Lucarelli 24, Gilardino 23. Parma sai da ta yi karon raba gardama da Bologna kafin ta tsira daga faɗuwa, daga nan Milan ta sayi yaron.

Huɗu nan, huɗu can, raga ta sha wuya,
Gola na kuka, 'yan baya na haki.

Ɗaya tak ta raba su da kaka ta ƙare,
Ku bar ɗan dako da rawaninsa na sarki.

Alaramma kada ka auna min, gwiwata da baitina tare suka tsufa.

Ɗan Damagaram (Litinin, 1:15 na rana)

Baba, na durƙusa. Na bar masa 2005. Mu je benci, tunda duk sun zama masu horarwa.

Viareggio, Pistoiese, Tuttocuoio, Messina,
Malam, a wace taswira ake ganin hanya?

Catania ta kira, ta sallama, ta sake kira,
Yawon da ya yi da ƙafa ya koma yi da kaya.

Livorno da ya bar wa dukiya dominta,
2018 ta kore shi tun kaka na jaririya.

Malam Na-Fagge (Litinin, 8:50 na dare)

Wannan baiti na ƙarshe ya taɓa ni, don gaskiya ne, a watan Nuwamba suka sallame shi. Amma ɗana, raina ƙungiyoyin Serie C, rukuni na uku, da kake yi shi ne ban yarda da shi ba. Can ne koci ke aiki da 'yan wasan aro da filin da ruwa ya cinye, shugaban ƙungiya na tsaye a kansa. Naka ma daga Rezzato ya fara, a Serie D, ya bi ta Pro Vercelli da Siena. Lamba 99 da Lucarelli ya goya kuwa ta magoya bayan Livorno ce, wato 1999, shekarar da suka kafa ƙungiyarsu. Mutumin da ya fito daga cikin 'yan kallo ya shiga fili, kora ba ta cire shi daga garin.

Ka je Terni ka tambayi masu gari,
2021 wa ya tara 90 na maki?

Ternana ta haura, ta haɗa da kofi,
Ɗan dako ne a benci yake mulki.

Genoa ta sallami mai gogenka,
Vieira ya gaje kujera da ɗaki.

Ya tattara ya nufi Pisa maƙwabta,
Abokan gabar Livorno, ina kirki?

Autan Malam (8:53)

Allahu Akbar! Malam ya rufe kasuwa. Hajiya, a kawo ruwa.

Alaramma Mai Aruli (9:01)

«Ɗaki» ma yanzu ta zo sau biyu. Kuma Mutaƙarab ɗin da aka fara da shi ya ɓace tun Asabar.

Autan Malam (9:02)

Waƙa daban ce wannan, Alaramma, ba a haɗa lissafi.

Alaramma Mai Aruli (9:04)

Amsa-amo ɗaya, mawaƙi ɗaya, zaure ɗaya. Waƙa ɗaya ce.

Hajiya Mai Alƙalami (9:25)

Ban saba baiti ba, amma yau sai na yi. Gilardino bai taɓa zama ɗan Livorno ba, balle a ce ya ci amanarta da zuwa Pisa a 2025. Kuma kafin Genoa ta sallame shi a 2024, shi ya karɓe ta a rukuni na biyu a Disambar 2022, ya hau da ita a 2023, ya zaunar da ita ta 11.

Malam, da girmanka, amsa mini ɗaya,
Ka bar zagaye-zagaye, faɗi gaskiya.

Namu ya zauna bencin Serie A,
Naka yaushe ya taɓa, ko da rana ɗaya?

Auta, kai ka kawo ruwan. Malam, muna jira.