Bakin wuta ko mai zuga?

Ɗan Bichi: Salamu alaikum. Jaridun Turanci sun cika kiran ɗan siyasa mai zafin baki da firebrand. Wani ya fassara mini da "mai zuga", ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Masana, a warware mana.

Malam Na-Allo: Wa alaikumus salam. Da gaskiyarka, ƙanena. A tsohon Turanci, brand itace ne mai ci da wuta, wato bakin wuta, irin wanda ake zarowa daga murhu a miƙa wa maƙwabciya ta hura tata. Daga nan aka samo sunan lambar da ake ɗana wa shanu da ƙarfe mai zafi, har kalmar ta koma tambarin kamfani. To wanda aka ce wa firebrand shi kansa ci yake, inda ya faɗa nan take kamawa. Mai zuga daban ne. Leƙa maƙera ka ga yaron da ke zugazugi: yana zaune a gefe, hannu ɗaya ya danna, ɗaya ya ɗaga, gawayi na ta ja. Ƙarfe ne ke shan wuta, shi ko gashin hannunsa ba ya babbakewa.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ai shi ya sa mai zuga ya fi mugunta. Bakin wuta ko ba komai yana ƙonewa tare da abin da ya ƙona. Mai zuga kuwa ingiza mai kantu ruwa ne. Kantun gishirinka ya narke, shi yana bakin gaɓa rigarsa a bushe.

Ɗan Bichi: Hajiya, kantun gishiri ne ko na sukari? Ni na taso ina jin na sukari.

Hajiya Mai Atamfa: Yaro man kaza. Tun kafin sukari ya shigo ake sauke kantun gishirin Bilma daga raƙuma. Ko wanne ne dai, ruwa ba ya raga masa.

Lauyan Unguwa: Bari in tsoma baki ta ɓangarenmu. Turawa sun raba kalmomin. Arson laifi ne a kotu, cinna wa gida ko dukiya wuta da gangan, kuma ba a faɗinsa kan magana. Ya shigo musu ta Faransancin da Normandawa suka kawo bayan sun ci Ingila a 1066, tushensa kuma Latin ne, ardere, wato ƙonewa. Incendiary kuwa tana cin tudu biyu: bam mai tayar da gobara, da kuma jawabin da ke tunzura jama'a. Sai dai ku duba gobarar Landan ta 1666. Ta tashi ne a gidan burodin Thomas Farriner a layin Pudding ranar 2 ga Satumba, ta cinye gidaje sama da 13,000 har da babbar majami'ar St Paul's. Mutane suka dage sai an nemo wanda ya cinna, ana ta nuna baƙi da yatsa. Wani Bafaranshe, Robert Hubert, ya ce shi ne, aka rataye shi. Daga baya aka gano ranar da wutar ta tashi bai ma iso Landan ba. Wutar tanda ta ci gidaje, zugar gari ta ci mutum.

Malam Na-Allo: Allah ya kyauta. Tsoron gobara ne ma ya ba su curfew, abin da muke ce wa dokar hana fita. Asalinta Faransanci ce, "rufe wuta". Ƙararrawa ake kaɗawa da dare kowa ya binne garwashinsa da toka, don gidajen na katako ne da jinka.

Baban Ummi: Ni duk ba ku burge ni ba. Kuna ta wanke bakin wuta kamar wani gwarzo. In ba a cinna ba, me mai zuga zai zuga? Iska ce kawai. Fitina kwance take, wanda ya tashe ta shi ne da alhaki.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, wace unguwa ce ba garwashi a ƙarƙashin tokarta? Kishiyoyi, 'yan uba, masu iyakar gona, duk akwai. Yakan mutu da kansa in ba a samu mai fifita shi ba. Mai kai gulma ɗaki-ɗaki ba ashana take ƙyastawa ba, amma ita ke raba gida.

Lauyan Unguwa: Abin da Hajiya ke nufi shi ne stoke a wajensu, iza wuta. Sun ciro ta daga sunan mai zuba wa tanderu gawayi, wanda suka aro daga Holanci. Provoke kuwa ba wuta a cikinta ko kaɗan, a Latin kiran mutum ne ya fito fili, kamar yadda ɗan dambe ke kirari yana neman abokin karawa. Tsokana ke nan, ko takala.

Ɗan Bichi: To in ɗan siyasa ya tayar da rikici a garinsu, zan iya cewa gobara daga kogi?

Malam Na-Allo: A'a, kada ka soma. Gobara daga kogi, maganinta Allah: masifa ce da ta ɓullo daga inda ake ɗebo ruwan kashe ta, kamar alƙali ya ci hanci ko mai gadi ya yi sata. Ɗan siyasa tun yaushe ya zama kogi?

Baban Ummi: Ranar zaɓe dai kogi yake, Malam, kowa da tulunsa.

Ɗan Bichi: Yanzu me zan rubuta a fassarar?

Malam Na-Allo: Duba jaridar. In yabonsa take, ka ce mai zafin ra'ayi ko marar tsoro. In sukarsa take, mai kunna wutar rikici. "Mai zuga" ka ajiye wa uban gidansa da ba ya hawa mumbari.

Baban Ummi: Ni dai ban sauka daga kan bakana ba. Ka rubuta "mai tada fitina" ko yabonsa suke.