Ina za mu riƙa ajiye hotunan CT da eksire? CD ya gajiyar da mu

Maihoto:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin ɗakin hoto ne a wani ƙaramin asibiti, muna da eksire na zamani da injin CT guda ɗaya, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka. Matsalarmu ita ce ajiya. Idan an ɗauki mara lafiya sai mu zuba masa hoton a CD ya tafi da shi, bayan wata shida ya dawo likita yana son ya gwada na da da na yanzu, CD ɗin ya ɓata ko ya karce, mu kuma kwamfutar injin ta cika tuni an goge tsofaffin. Wasu likitocin ma waya suke sawa su ɗauki allon kwamfutar su tura wa ƙwararre ta WhatsApp. Abin yana damuna wallahi. Don Allah waɗanda suka san harkar, wane tsari ake bi?

Injiniya_M:
Wa alaikumus salam Malam Maihoto. Abin da kuke buƙata sunansa PACS, kwamfuta ce guda da ake warewa ta zama rumbun hotunan asibiti gaba ɗaya, injin yana gama ɗauka sai ya tura mata kai tsaye ta wayar netiwok, likita kuma daga ofishinsa ya buɗe ya gani. Kwamfutar jikin injin ba don ajiya aka yi ta ba, shi ya sa take cika.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne kusan duk injinan hoto, ko na GE ne ko Siemens ko Philips, tsari ɗaya suke fitar da fayil, DICOM, wanda tun 1993 ake amfani da shi a yadda aka san shi yanzu. Kuma ba hoto kaɗai ke cikin fayil ɗin ba, akwai sunan mara lafiya, lambarsa, ranar haihuwa, ranar ɗauka, har kaurin yankan da injin ya yi.

Ba sai kun sayi manhaja mai tsada ba da farko. Akwai Orthanc, kyauta ce, a asibitin jami'ar Liège ta Beljiyam aka fara ta, kwamfuta matsakaiciya ma tana ɗauka. Za ku ba ta suna wato AE Title, da adireshin IP da lambar ƙofa, ita Orthanc 4242 take zuwa da shi, sai injiniyan injin ya shigar da waɗannan ukun a cikin CT ɗin, shi ke nan. Manhajar kallon hotunan kuma akwai Weasis da OHIF.

Lissafin wuri kuwa, yanka ɗaya na CT ɗigon hoto 512 sau 512 ne, kusan rabin megabayit. Mutum ɗaya mai yanka 400 ya ci megabayit 200 ke nan, idan goma kuke yi kullum gigabayit 2, a shekara kun haura gigabayit 700. To ka ga faifan ajiya mai terabayit 4 zai kai ku nesa.

Dakta_Hajiya:
Ɗan'uwa na ji daɗi da ka kawo maganar ɗaukar allo da waya, don ni nake karɓar irin waɗannan hotunan kuma ba na son su ko kaɗan. Hoton CT na asali yana da matakan duhu da haske sama da dubu huɗu, na waya 256 kawai, ga WhatsApp ya sake matse shi. Ni a fayil na asali ina juya tagar kallo, wato saitin haske da duhun hoton, in duba huhu, in sake juyawa in duba hanta, in koma ƙashi, duk a yanka ɗaya, in sa ma'auni in ga milimita nawa ƙullutun yake, in taɓa wurin in ga lambar Hounsfield, wato ma'aunin taurin abin da ke wurin, ruwa 0 ne iska kuma -1000, da haka nake gane jini ne ko ruwa ko kitse. Wanda ya ɗauki allo ya zaɓar min taga ɗaya da yanka biyu ko uku cikin ɗaruruwa, ƙaramin zubar jini a kai yana iya zama a yankan da bai ɗauka ba. Ga sunan mutum a saman hoton yana yawo a wayoyin mutane, amana ce fa.

Amma abin da na fi so ka kula da shi tun kafin ku kunna PACS ɗin shi ne lambar mara lafiya. Idan yau aka rubuta Aisha gobe A'isha jibi Aishatu kuma kowanne da sabuwar lamba, rumbun zai ɗauka mutum uku ne, tsohon hoton yana nan amma ba za ku same shi ba. Lamba ɗaya tak, wadda ke jikin katinsa.

Maihoto:
Na gode sosai Dakta, na gode Injiniya. Maganar lamba gaskiya ce, da hannu muke buga suna a injin kowane lokaci. Akwai hanyar da za a daina hakan? Sannan wani ya ce mu zuba komai a intanet kawai mu huta da sayen kwamfuta.

Injiniya_M:
Akwai, ana ce masa jerin aiki na injin. Mai rajista ya shigar da mara lafiya sau ɗaya a teburinsa, sunan ya fito a allon CT, kai dai ka danna. Hakan na buƙatar manhajar bayanan marasa lafiya ta riƙa magana da PACS ɗin, yawanci ta HL7, wato tsarin da manhajojin asibiti ke musayar bayanai da shi, ko sabon salonsa FHIR. Idan ba ku da manhajar ku duba Bahmni, ita ma kyauta ce, a kan manhajar bayanan marasa lafiya ta OpenMRS aka gina ta kuma tana haɗuwa da PACS.

Abu_Sadiq:
Malam kar ku dogara da intanet shi kaɗai, ranar da layi ya yanke ga mai hatsari a kan gado likita ba zai ga komai ba. Kuma kar ku dogara da kwamfuta ɗaya ita kaɗai, faifai yana mutuwa ba sallama. Ku yi kwafi uku, biyu a na'urori daban a cikin asibiti, ɗaya a waje, nan ne intanet ke da amfani, kuma a kulle shi da sirri kafin ya fita. Lokaci lokaci ku gwada dawo da hoton wani daga kwafin ku tabbata yana buɗewa, mutane da yawa sai ranar da aka shiga uku suke gane kwafin nasu fanko ne.

Sai tsaro. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin NHS, wato hukumar lafiyar gwamnati, a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata da yawa, kuma ta Windows ɗin da ba a sabunta ba ta shiga. Injinan hoto galibi tsohuwar Windows suke ɗauke da ita kuma kamfani ba ya yarda ka taɓa, don haka ku ware su a netiwok nasu daban, kar kowa ya soka filashi a ciki, kar a buɗe ƙofar PACS zuwa waje sai ta VPN, wato kariyayyar hanyar shiga daga nesa. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, saboda a san wa ya buɗe fayil ɗin wa. Ku sa wa kwamfutar PACS ɗin UPS ma, wato batirin riƙe wuta, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata rumbun.

Dakta_Hajiya:
Idan kun haɗa, ka fara tura tsofaffin da suka rage a injin kafin a sake gogewa. Kuma ku ci gaba da ba mara lafiya CD ɗinsa idan zai je wani asibitin, amma DICOM ɗin za ku zuba masa, ba JPEG ba.