Hajiya tana son ganin tsohon ɗakin tiyata a Landan, ga ciwon gwiwa: ya za mu yi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo min zaman jego, yanzu mun yi arba'in. Tsohuwar nas ce, ta ce ita ba ruwanta da yawon kantuna, kafin ta koma gida a kai ta ta ga yadda likitocin zamanin Sarauniya Biktoriya suka yi aiki, da irin gidajen da mutanen lokacin suka zauna. An ba ni sunan wuri biyu: Old Operating Theatre (tsohon ɗakin tiyata) kusa da London Bridge, da Sambourne House a Kensington. Za su haɗu a yini ɗaya? Damuwata gwiwarta, hawa bene yana wahalar da ita.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, barka da arziki, Allah ya raya. Na farkon dai can saman tsohon cocin St Thomas yake, ƙarƙashin rufi, kuma matakala 52 ce siririya mai murɗawa. Ki kira su tukuna ki faɗa musu halin Hajiya, kada ku je ku tsaya a ƙasa kuna kallon juna.

Amma in ta samu ta hau, ba za ta yi da-na-sani ba. A 1822 aka yi ɗakin saboda marasa lafiya na ɓangaren mata a asibitin St Thomas. Teburin yankan na katako ne, ƙarƙashinsa akwatin dusar katako mai tsane jini. Ɗalibai kuma a tsaye suke, sahu bisa sahu kewaye da teburin, haske yana sauka ta tagar rufi. Sai a 1847 aka fara sa wa mutum maganin barci a nan. Kafin haka danne shi ake yi, shi ya sa gwanin likita a lokacin shi ne mai saurin hannu. Abin da ya fi tsaya min a rai: asibitin ya tashi daga wurin a 1862, shi kuwa likita Joseph Lister sai a 1867 ya fitar da hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta. Ke nan har aka rufe ɗakin ba a san wannan tsaftar ba. Haka aka toshe shi aka manta, sai 1956 aka sake gano shi. A gefe akwai ɗakin ganyayyakin magani, da kofunan tsotsar jini, kai ka ce zabirar wanzami aka zazzage.

Maman Walid:
Ni Sambourne House na je. Yaya, babu kayan asibiti ko ɗaya a ciki fa. Gidan Linley Sambourne ne, mai zanen barkwanci a mujallar Punch, ya tare da matarsa a 1875. Kyau kam akwai, bango duk zane da hotuna, kowane lungu cunkushe da kaya, ni dai tausayin masu sharar gidan na yi ta ji. Sai dai hawa biyar ne. Shi da ɗakin tiyata a rana ɗaya, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakani? Wallahi kada ki yi wa tsohuwa haka.

Nas ta dare:
Ku duk kun tsallake wanda zai fi faranta mata. Gidan tarihin Florence Nightingale yana harabar asibitin St Thomas na yanzu, tsallaken kogi daga majalisar dokoki, kuma ba hawa. Ita ce ta kafa makarantar koyon jinya a asibitin a 1860. Hajiya za ta ga fitilar Nightingale irin ta Turkawa, har da busasshiyar gawar mujiyar da ta riƙa kiwo. Ba nas ɗin da ba a karantar da ita tarihin matar nan a aji ba.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka. Ta ce Kensington a bar shi, Nightingale dole, matakala 52 kuma wadda ta yi Safa da Marwa ba za ta gagare ta ba. Zan dai kira su gobe da safe. Akwai wanda ya san inda za mu samu abincin halal kusa da London Bridge?