Ina zan samu takardun kakana da ya yi sojan Faransa?

Jikan soja, Maraɗi: Assalamu alaikum. Kakanmu na wajen uba yana cikin samarin da aka kwasa daga ƙasar Tasawa zuwa yaƙin Hitila. Ya dawo da ransa, amma abin da ya rage mana lambar yabo ɗaya ce, sai labarin da kakarmu take bayarwa cewa Jamusawa sun taɓa kama shi. Ina son sanin rundunarsa da wuraren da ya yi yaƙi. Ta ina zan fara?

Malamin tarihi, Yamai: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da gida kafin ka tunkari Faransa. A bincika akwatunan tsofaffi ko za a dace da littafinsa na soja ko na fansho, domin a ciki ne lambarsa ta soja take, tare da shekarar da aka ɗauke shi da inda aka rubuta shi. In babu waɗannan, aikin zai yi wuya ƙwarai, saboda Turawan sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, kuma masu suna Mahaman ko Isufu daga yanki ɗaya ba su ƙirguwa. Fayilolin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suna ma'ajiyar takardun soja ta garin Pau, a kudancin Faransa, kuma can za ka aika wasiƙa da Faransanci, haɗe da shaidar cewa kai jikansa ne. Da zarar ka san rundunarsa, littattafan da rundunoni suke rubuta tafiye-tafiyensu a ciki suna Vincennes, kusa da Paris. Shafin intanet na gwamnatin Faransa mai suna Mémoire des hommes kuwa, wanda mutane suke saurin ambata, ya fi amfani ga wanda kakansa ya rasu a fagen daga.

Bagobira, Tibiri: Malam ya yi bayani, amma kada a raina maganar kakarku. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Jamusawa sun tsare yawancin fursunoni baƙaƙen fata a sansanonin da ke cikin Faransa kanta, ba a Jamus ba. Takardun fursunonin yaƙi suna garin Caen na Faransa, haka kuma ƙungiyar Red Cross a Janiba tana da nata kundin.

Dattijo, Ɗan Isa: Yaro, ka duba lambar yabon da kyau tukuna. Mu nan bakin iyaka, akwai waɗanda suka tsallaka Katsina suka shiga sojan Ingila, aka kai su ƙasar Bama (Myanmar a yau) cikin runduna ta 81 ko ta 82, daga baya jikoki suka gauraya labarin. Tun da kakarku ta ce Jamusawa, na fi zaton Faransa ce, to amma in ka ga kan sarkin Ingila a jikin lambar, ba Pau za ka rubuta wa ba.